Muryar Darakta

Ranar da Mama ta cika wata biyu da komawa gidan babbar 'yarta, aka tara iyali a falo da yamma wai za a yi mata bazata. Ita dai ba ta son bazata. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana buga bayanan shari'a da tafireta a kotu, kuma ta sha ganin yadda abin da aka ɓoye yake ƙarewa. Amma ta zauna a kujerar da aka nuna mata, ta gyara tabarau.

Babbar 'yar, wadda kowa yake kira Yaya har mijinta, ta soka ɗan filashi mai ɗauke da bidiyo a bayan talabijin. Auta, ɗan Mama na ƙarshe, ya ja labule ya kori jikoki daga gaban allo.

"Kaset ɗin Baba ne, Mama," in ji Yaya. "Duka goma sha ɗayan. Na kai shago an juye su a kwamfuta, na zauna na gyara da kaina. Minti goma sha biyu."

"Kowanne?"

"Duka."

Auta ya yi dariya. "Mama, awa ashirin ne fa. In aka ce mu kalla duka, sai a kawo mana katifu."

Baban nasu ya rasu shekara ɗaya da rabi ke nan. Ya sayi kyamarar ne lokacin Auta yana rarrafe, wata ƙatuwa mai ɗaukar kaset, kuma tun daga ranar yaran suka sa masa Darakta a bayan idonsa. Mutum ne mai dokoki. A sa rana a bayan mai ɗauka. A manne gwiwar hannu da haƙarƙari don kada hoto ya yi rawa. A ƙirga goma kafin a juya kyamara. A rubuta kwanan wata a jikin kaset kafin a cire takalmi. Babbar dokar kuwa, ba mai taɓa kyamarar sai shi. Saboda haka a cikin awa ashirin ɗin nan babu fuskarsa ko sau ɗaya. Muryarsa ce kawai, tana fitowa daga bayan hoto, kusa da makirfo, ta fi ta kowa ƙarfi.

Muryar ce Mama take nema. Watanni ke nan ta lura tana kuɓuce mata. Fuskarsa tana nan a hoton da ke bangon ɗakinta, rigunansa suna cikin akwati, amma in ta rufe ido ta nemi yadda yake kiranta "Sakatariya", sai ta ji kalmar babu sautin. Ba ta gaya wa kowa ba. Da ta ji an ambaci kaset, sai ta dafe hannun kujera da hannu biyu.

Aka kunna. Gaskiya aiki ya yi kyau. Launin da ya koɗe ya dawo, rawar hoto ta tafi. Ga Yaya da kayan makaranta, ga Auta yana cin ƙasa, ga Mama kanta da ƙugu kamar na 'yan mata tana shanya. A kan duka an shimfiɗa kiɗan fiyano mai laushi, irin wanda ake sa wa mutum a waya idan an ce ya jira. Bakuna suna motsi, fiyano yana tafiya. Mama ta ce a ranta yanzu kiɗan zai lafa. Ta faɗi haka a minti na biyu, ta faɗa a na bakwai. A na goma sha biyu rubutu ya hau allo da sunan marigayi da addu'a, jikoki suka tafa.

"Ina maganar?" in ji Mama.

"Wace magana?"

"Mutane suna magana a ciki. Na ga bakinsu."

"Ai sautin ya lalace, Mama, duk iska ce da hayaniya," Yaya ta faɗa tana kallon rimot. "Duk masu sanin abin nan haka suke cewa: a yanke abin da bai da amfani, a cire hayaniya, a sa kiɗa. In ya yi tsawo ba mai kallo."

"Su waye masu sanin?"

"Masu koyarwa a intanet."

"Sun san ubanku?"

Mijin Yaya ya tuna yana da waya da zai amsa a waje.

"To, a ba ni kaset ɗin," in ji Mama.

Auta ne ya ce ai lokacin kwashe kaya daga tsohon gida an ga funfuna ta fara cin su, ga shi babu na'urar kunna su a ko'ina, da aka gama juyewa sai aka zubar. Wanda aka juye a kwamfuta fa, ɗanyen, kafin a yanka? Yaya ta ce ya cinye mata wuri, kwamfutar har tsayawa take yi, da ta gama gyara sai ta goge.

Mama ta ce Allah ya yi albarka, an yi ƙoƙari. Ta tashi ta shiga ɗakinta.

Da safe, bayan an watse aiki da makaranta, ta ɗauki ledar da filashin ya zo a ciki, mai ɗauke da adireshin shagon, ta hau motar haya. Shagon yana bene na biyu, tsakanin mai gyaran agogo da mai ɗinkin labule. Sai da ta huta sau biyu a matakala. Ciki kuwa tsofaffin na'urori ne jere har rufi, wayoyi sun sarƙe a ƙasa, fanka tana kaɗa ƙura. Mai shagon wani mai furfura ne a gemu, tabarau a goshi. Ya share mata kujera da hannun rigarsa.

"Kaset goma sha ɗaya, rubutu da jan biro a jiki? Na tuna, Mama. Ban taɓa ganin kaset masu tsari kamar su ba. Har sa'a mutumin yake rubutawa."

"Kana ajiye kwafi?"

"Wata ɗaya nake ajiyewa, ko da mai kaya zai dawo da kuka. Kuma suna dawowa." Ya jawo allon kwamfutarsa, ya yi ta dubawa, ya jona wani faifan ajiya, ya cire, ya jona wani. Mama tana kallon yatsunsa. Can ya sauke tabarau kan hancinsa. "Babu, Mama. An ɗora wasu ayyukan a kai. In gogewa ce kawai, wani lokaci ana ceto. In an rubuta wani abu a wurin, shi ke nan."

"Kai da kake sana'ar, ba ka gargaɗi 'yata ba?"

"Wallahi na gaya mata. Kowa nake gaya wa, kamar karatu. Asali ba a taɓa shi. A yi kwafi biyu, ɗaya a gida, ɗaya a gidan wani. In za a yi yanka, a yanki kwafi. Kaset ma a ajiye shi, ko ya yi funfuna ana goge shi. Har na ɗauko mata faifan da za ta zuba ɗanyen." Ya sosa gemu. "Ta ce ba ta buƙata. Bayan kwana uku ma ta bugo waya ta ce in goge nawa, kada in jira wata."

Fanka ta ci gaba da juyawa. Mama ta ninke ledar gida huɗu.

"Sautin ya lalace ne?"

"Sauti? Garau yake. Makirfon waɗannan tsofaffin ai ya fi na yanzu."

"To ka ji shi ke nan. Me yake cewa?"

Mai shagon ya sunkuyar da kai yana gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara. "Ni in ina aiki rage sauti nake yi, Mama. Sirrin gidan mutane ne."

Mama ta buga shaidar maƙaryata da yawa a rayuwarta. Wannan bai iya ba, kuma don kunya yake yi. Ta yi masa godiya ta sauko.

Ta sami Yaya a kicin da yamma, ko takalmin ofis ba ta cire ba, tana wanke kofuna.

"Na je shagon."

Yaya ta rufe famfo. Ba ta juyo ba.

"Awa ashirin, Mama. Da abin sauraro a kunnena, shi kaɗai a cikin kaina. Kin san me ke ciki? 'Ke, miƙe bayanki, kin tsaya kamar buhu.' 'Matsa gefe, kin tare ƙaninki.' 'Wannan dariya ce ko kukan akuya? A sake.' Ranar da na karɓi kyauta a makaranta sau huɗu ya sa na sake tahowa, wai tafiyata ba ta yi ba. Ke kanki cewa yake, 'Fita daga hoton, kin ɓata min haske.' Wannan zan kunna wa 'ya'yana in ce ga kakanku?"

"Kin zaci ban ji ba? Ina tsaye a wurin."

"To me kike so da shi?"

"A kotu in mai shaida ya yi ashar, ashar ɗin nake bugawa. Alƙali bai taɓa cewa in sa kiɗa a wurin ba."

"Nan ba kotu ba ce."

"Da kotu ce ai da an tambaye ni kafin a yanke." Mama ta jingina da firji, ƙafarta tana zogi saboda matakalar. "Ki yi wa 'ya'yanki minti goma sha biyunki, wa ya hana ki? Ki sa musu fiyano har su yi barci. Amma shekara arba'in da huɗu na yi ina jin muryar nan, da daɗinta da ɗacinta. Ke kika ji ta awa ashirin kika yanke mata hukunci, har kika bi ta shago kika ƙarasa."

"Ni ma shekara ashirin da biyar na yi ina jin ta, Mama, kafin in bar gidan." Yanzu ta juyo, idanunta jajur. "Kuma ban taɓa jin kin ce masa ya isa ba."

Wannan ta shiga. Gaskiya ce, kuma Mama ta san gaskiya in ta ji ta.

"Kaset na bakwai," ta ce daga baya. "Wajen ƙarshe. Ya manta bai kashe ba, kyamarar tana rataye a hannunsa. Kun ruga waje. Ya tambaye ni ko ƙafar tana ciwo har yanzu, ya ce in zauna shi zai kwashe shanyar. Kin ji wannan?"

Yaya ta yi tunani. Da gaske take tunanin.

"Inda ake ganin siminti da ƙafafu? Na tsallake wurin. Ƙasa kawai ake gani, Mama. Irin wurin ne ake fara yankewa."

"Haka masu sanin suka ce."

"Mama..."

"Ƙarasa wanke-wankenki."

Kwana uku suna gaisawa kamar maƙwabta. Auta ya zo da shawara wai akwai manhajar da ke ƙera muryar mutum tsaf, in aka ba ta minti ɗaya na maganarsa. Mama ta ce madalla, ya je wajen yayarsa ta ba shi minti ɗayan. Bai sake tayar da zancen ba.

Ranar Asabar da hantsi falo ba kowa. Mama ta kunna talabijin, ta lalubi maɓallin kashe sauti, ta zauna dab da allo. Ba fiyano, abin ya fi kallo. Sai ta fara ganin abin da Yaya ba ta iya yankewa ba. Yara suna wasa, sai duka su waiga lokaci ɗaya. Ita kanta tana dariya, sai ta ja da baya ta fice daga hoton. Ta san abin da aka faɗa a kowane wuri, kalma bayan kalma, kamar tana karanta takardar da ta buga.

Ga Yaya 'yar shekara tara, littafin kyauta a ƙirjinta, tana tahowa. Kafaɗunta suka zabura. Mama ta tsayar da hoton.

"Ke, miƙe bayanki," ta faɗa a hankali.

Muryar tsohuwa ce ta fito, siririya, mai rawa. Ta gyara murya, ta saukar da ita cikin maƙogwaro, ta ja ƙarshen kalmar yadda take zaton yana ja.

"Ke! Miƙe bayanki!"

A bakin ƙofar falo Yaya tana wucewa da kwandon wanki a ƙugu, mace mai shekara arba'in da huɗu, mai ma'aikata goma a ƙarƙashinta. Bayanta ya miƙe tsaf kafin ta san ta yi. Ta tsaya cak. Suka kalli juna, ita da uwarta. Sannan ta gyara riƙon kwandon ta wuce.

Mama ta rufe ido ta saurara, ko muryarsa za ta biyo bayan kalmomin. Tata muryar ce kawai take amsawa a kunnenta. Ta sake gwadawa sau biyu, ƙasa-ƙasa don kada a ji, har tari ya sarƙe ta. Ta miƙa hannu ta kashe talabijin.