Tokar Kwandasta

Kwana goma tukunyar tana rataye a reshen mangwaron ƙofar gida, an ɗaure bakinta da jan ƙyalle, don tokar mamacin da aka ƙona ba ta shiga ɗaki. Ran kwana na sha ɗaya Mangala ta sa ƙanin mijinta, Sadanand, ya sauko da ita. Ya zura ta a leda tare da furannin da za a raka ta da su, suka hau bas daga Ratnagiri.

Marigayin, mijinta Dattaram, shekara talatin yana kwandasta a wannan hanya ta bakin teku. Wasiyyarsa ɗaya ce: a zuba tokarsa a wani lungun teku da ke bayan duwatsu, inda ya kai Mangala shekarar aurensu. Har yau tana tuna farin yashin, da ruwan da mutum ke ganin yatsun ƙafarsa a ciki, ba kowa sai su da ƙaguwa. Mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ba ya riƙe komai. Duk fasinjan da ya gani da jaka a baya sai ya ba shi labarin wurin, har ya zana masa hanya a bayan tikiti.

Daga inda bas ya sauke su tafiyar awa ɗaya da rabi ce, hawa da gangara cikin itatuwan kashu. Gwiwoyinta suna ƙara, Sadanand yana gaba yana mita wai ga mashigar kogi kusa da gida inda kowa ke zuba nasa, amma yayansa ko a mace sai ya wahalar da mutane.

Wari ne ya fara tarbarsu tun ba su hango ruwa ba. A gangaren ƙarshe Mangala ta toshe hanci da gefen farin sarinta, dogon zanen da ta yafa, don bayan kowane dutse wani ya tsuguna ya bar abinsa ƙudaje na biki. Yashin da ta sani ya ɓace ƙarƙashin robobin ruwa, kwalaben giya, ƙasusuwan kaza, ƙunzugun jarirai da ya kumbura a rana. Wasu samari sun kafa tanti suna kiɗa. Mangala ta tofar da yawu, ta sake tofarwa.

Sadanand ya tambayi ɗaya daga cikinsu ko akwai gefe mai tsafta. Saurayin ya yi dariya ya ce ai Gaɓar Kwandasta duk haka take. Wani tsohon kwandasta ne ya tallata ta har sunan ya bi ta. Mangala ta kalli ledar da ke hannun Sadanand. Da mai tukunyar yana da kunne, da ya ji abin da bai taɓa ji daga bakinta ba.

Komawa da tokar kuwa ba ta taso ba. Abin da aka sauko da shi don ruwa ba a mayar da shi gida.

"Wahini," in ji Sadanand, yadda ƙanin miji ke kiran matar wansa, "mu zuba mu tafi. Teku ce, tana wanke komai."

"Ita ta wanke wannan?" ta ce, tana nuna masa ƙunzugun da ƙafa.

Ta zaɓi ƙarshen gaɓar, ta ɗaure sarinta a ƙugu, ta shiga kwashe shara da hannu. Wata roba ta tsiyayo mata abin da ba ta so ta san sunansa. Ta yi amai, ta rufe da yashi, ta ci gaba, har ta buɗe wuri kamar faɗin tabarma uku. Sadanand yana tsaye yana duba agogo.

Suka shiga ruwa zuwa gwiwa. Ya kwance jan ƙyallen, ya karanta abin da malamin addininsu ya koya masa, ya juye tokar, ya saki tukunyar. Suka juya baya, don wanda ya sallami mamaci ba ya waiwaye. Sai ta ga hannunsa ya ɗaga, ya cilla furannin ta kan kafaɗa yadda ya ga ana yi, da ledar da komai.

"Bauji," ta ce, yadda ake kiran ƙanin miji, "da ledar ka jefa?"

"Kada ki waiwaya, Wahini. Ba kyau."

Ta waiwaya. Ledar ta baje a kan ruwa, tokar ta manne mata, toka-toka da ɗan guntun ƙashi, igiyar ruwa tana turo su a hankali wajen layin robobin nan. Ta kutsa har ƙirji ta cafko ta. Ta zazzage furannin, ta shiga cuɗa ledar a cikin ruwa da yatsu, lungu-lungu, yadda take cuɗa wuyan rigar aikin Dattaram, tana zaginsa ƙasa-ƙasa tana kuka, har tokar ta fita tas.

Ta fito tana ɗiga, ta dubi gaɓar daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ba ta ga inda za ta yar da ita ba. Ta ninke ta ta soke a ƙugu. Da suka isa gida da yamma ta tsaya a ƙofa, don ba ta da tabbacin ba sauran Dattaram a jikin ledar. Ta rataye ledar a reshen mangwaron, inda tukunyar ta kwana goma.