Ranar da Appa Ya Daina Gane Wasa

A gidanmu na unguwar Perambur ba mai taɓa shafin bayan jarida sai Appa ya gama da shi. Appa shi ne mahaifina, Sabapathy. Ya yi aikin akawu a ma'aikatar gyaran jiragen ƙasa har ya yi ritaya, amma abin da aka san shi da shi a unguwa shi ne wasan kalmomin nan na jaridar Turanci, mai gidaje farare da baƙaƙe kamar na dara. A ƙarƙashinsu akwai kacici-kacici, kowanne da amsarsa da za a rubuta harafi ɗaya a gida ɗaya. Wahalar ita ce ba kacici-kacicin da ke nufin abin da ya faɗa. Duk yaudara ce.

Ina 'yar firamare ya fara koya mini. Ya karanto wani ya fassara: "Ɗan itace a cikin mace mai gulma." Na ce ban sani ba. Ya ɗora yatsa a kan kalmomin Turancin biyu, ya rufe farkon ta farko da ƙarshen ta biyu, sai ga sunan mangwaro a kwance tsakaninsu. Ya yi ta dariya har kofinsa ya zube a zaninsa, ya ɗaga murya wajen kicin ya ce wa mahaifiyata, "Kin ji? An gano inda mangwaronmu ke tafiya!"

Abokin wasansa shi ne Kawu Rozario, tsohon direban jirgin ƙasa, dogo mai ƙaton hanci, wanda ke zaune bayan coci. Kullum da safe zai zo da tasa jaridar a hammata, su zauna a baranda, kowa ya kare shafinsa da hannu kamar 'yan jarrabawa. Zagi ne gaisuwarsu.

"Tsohon jaki, har yanzu kana na farko?"

"Kai dai ja jirginka, kan kabewa. Karatu ba naku ba ne."

Tun kafin a haife ni suke haka. Da mahaifiyata ta rasu, Kawu Rozario bai yi wa Appa doguwar ta'aziyya ba. Ya zo da jarida bayan an gama zaman makoki, ya ce, "Tashi, malalaci, na bar maka masu sauƙin." Appa ya tashi.

Ciwo ya sami Appa da damina, yana wanka. Jini ne ya toshe a ɓarin dama na kansa. Ya kwanta asibiti, hannun hagu ya mutu na ɗan lokaci ya dawo, ƙafa ma ta dawo. Magana kuwa ba abin da ya same ta. Yana karatu, yana lissafi, ya san sunan kowa. Likita ya ce mini, "Poongodi, mahaifinki ya yi sa'a." Na je haikali na fasa kwakwa don godiya.

Da ya dawo gida na kawo masa idli, wainar shinkafarmu, da kofi, na ajiye jarida da fensir a gefensa. Ya daɗe yana kallon shafin. Kofin ya huce. Kawu Rozario na zaune gefe, ya cika rabin nasa, yana satar kallonsa.

Can Appa ya ce, "Wannan rashin kunya ne."

"Wanne?" in ji Kawu.

"Na tara. Wai bugaggen fada ya fi kowa nuna. Ta yaya za a buga a jarida cewa fadan coci ya sha giya? Kai ba ka ji haushi ba, kai da ke zuwa coci?"

Kawu Rozario ya yi dariya, ya zaci wasa ne. Da ya ga fuskar Appa sai dariyar ta tsaya.

"Saba, ai ba giya ake nufi ba. Bugagge yana tangaɗi, ko? To haruffan ne za su yi tangaɗi. Ɗauki kalmar fada, priest, ka hargitsa ta. Sai ta zama ripest. Wanda ya fi nuna, kamar ɗan itace. Kai fa ka koya mini wannan dabarar."

Appa ya rubuta haruffan a gefen shafi, ya jera su ɗaya bayan ɗaya, ya ga sun yi daidai. Ya cika gidajen da kyakkyawan rubutunsa na akawu.

"Na gani," ya ce. "Amma me ya sa ba su ce a hargitsa ba kawai? Me ya kawo giya?"



Na koma wajen likita na faɗa masa. Ya ce hakan na faruwa. Akwai wurin da ke gane habaici da zolaya da magana mai harshe biyu, kuma nan ne ciwon ya taɓa. Na ce zai dawo? Ya ce wani lokaci yana dawowa. Daga yadda ya mayar da ido kan takardunsa na gane amsar.

Ba wasan jarida kaɗai ba ne. Na ce masa zafin yau zai kashe mu, ya tambaye ni ko in kira mota mu je asibiti. In ana barkwanci a talabijin sai ya bi fuskokinmu da ido, ya ga mun yi dariya, shi ma ya buɗe baki a makare. Amma jaridar ce ya ƙi saki. Yakan zauna da ita tun safe har rana ta kai tsaka, ya ɗauko ƙamus, ya karanta kacici-kacici ɗaya sau da yawa a fili, a hankali, kamar mai jiran a buɗe masa ƙofa. Wata rana ya rubuta dukan dabarun a kan kwalin sabulu: in an ce bugagge ko mahaukaci a hargitsa, in an ce ya dawo a karanta ta baya, in an ce a ciki a nemi ɓoyayyiya. Bai taimaka ba. Ya san dokokin duka, amma in ya kalli jimla sai ya ga labarin da take bayarwa kawai, ya kasa ganin abin da ke bayanta.

Ina shanya kaya a baranda ya ce mini, "Poongodi, na san akwai abin da kuke ji da ni ba na ji. Kamar kowa an sa masa gishiri a miya, ni an manta da tawa. Ina ci, ina ƙoshi. Shi ke nan."

Kawu Rozario bai fasa zuwa ba, amma ya canza. Ya daina zagi. Yakan ce, "Sannu Saba, yaya jikin?" Yakan yi kamar shi ma ya kasa, ya sosa kai ya ce na yau da wuya, alhali ina gani ya gama nasa tun a gida, ya naɗe shafin ciki. Su zauna kamar baƙi a ɗakin jiran likita.

Wata safiya ya same ni a kicin, ya rage murya. "'Yata, ni na gaji da lallashin nan. Muna yi masa kamar gawa. Wataƙila abin da yake bukata shi ne a tsokane shi kamar da, jininsa ya motsa."

Na ce ban sani ba, Kawu. Ya ce bari ya gwada.

Ya fita baranda, ya leƙa shafin Appa da ba komai a ciki sai amsa ɗaya, ya buga cinya.

"Kai, tsohon jaki! Tun safe guda ɗaya? Wallahi akuyar bayan coci ta fi ka kai. Ba ka da amfani, Saba, gara a kai ka kasuwa a sayar!"

Ya tsaya yana murmushi, yana jiran a ce masa kan kabewa.

Appa ya ajiye fensir. 

"Ashe haka kake gani na."

"Haba Saba, wasa nake..."

"Ka ce ni jaki ne. Ka ce ba ni da amfani. A gidana, a gaban 'yata, don ka ga ina ciwo."

"Ai kullum haka nake ce maka! Shekara da shekaru!"

Appa ya yi tunani, kuma na ga lokacin da abin ya ƙara lalacewa.

"Gaskiya ne," ya ce a hankali. "Kullum kana faɗa. Tun muna samari. Ni ne ban taɓa saurara ba."

Na shiga tsakani. Na ce Appa, kai ma kana ce masa kan kabewa. Ya ce in haka ne shi ma ya yi laifi, kuma mutanen da ke faɗa wa juna irin wannan ba abokai ba ne. Ya miƙe da sandarsa, ya nuna ƙofa. Kawu Rozario ya sauka matakala ya bar jaridarsa a kujera. A bakin titi na ga ya cire tabarau yana goge ido da bakin rigarsa.

Ya dawo washegari, ya sake dawowa. Ya kawo ayaba, ya kawo kek ɗin Kirsimeti da matar ɗansa ta yi. Appa yakan shige ɗaki ya rufe. Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce zagin nan so ne. Ya ce, "To me ya sa bai ce yana sona ba?" Kawu ya tsaya a bakin taga ya faɗa da ƙarfi, maƙwabta na ji, cewa yana sonsa fiye da ɗan'uwa. Appa ya ce daga ciki, "Yanzu wanne zan yarda da shi? Wancan ma da bakinka ka faɗa."

Bayan nan ƙafafun Kawu suka fara kumbura, ɗansa ya ɗauke shi zuwa garin Coimbatore. Yakan kira ni a waya, tambayarsa ɗaya: "Ya fara ganewa?" Nakan ce da sauƙi. Ya daina tambaya daga baya.

Appa da kansa ya ce wa mai kawo jarida ya daina kawowa. Ya koma zama a baranda yana kallon masu wucewa, hannuwansa a kan gwiwa.

Da ɗan Kawu ya kira ya ce ya rasu, na je na durƙusa gaban Appa na faɗa masa kai tsaye, don na koyi kada in ce ya tafi ko ya huta. Na ce Kawu Rozario ya mutu, gobe za a binne shi, akwai jirgin yamma.

Ya juya ya kalli titi. Sannan ya ce, "Ke ki je. Ke bai taɓa zagin ki ba."

Na tafi ni kaɗai. Da na dawo na same shi inda na bar shi, maƙwabciyarmu ta kawo masa shinkafa bai ci ba. Bai tambaye ni yadda aka yi jana'izar ba. Ya ce maganin hawan jininsa ya kusa ƙarewa, in tuna in sayo.