Waɗanda Ba Su Iya Iyo Ba

Mijina Oddvar mutum ne da zai kwana uku a teku cikin ƙanƙara bai ce uffan ba, amma ka ambaci asibiti a gabansa, sai ya tuna akwai abin gyara a jirgi. Shekara da shekaru ba wanda ya san yadda muka sami 'yarmu Tuva. Abokan kamun kifinsa ba su sani ba, uwarsa ma ta mutu tana zaton matsalar daga wajena ce. Na ƙyale ta, ko da yake abin ya ci mini rai.

To, sai ga Gudrun, malamar kimiyyar su Tuva, ta raba wa 'yan aji aiki, kowa zai yi bayani ranar da iyaye ke zuwa makaranta. Tuva, da shekarunta goma sha huɗu da bakinta kamar reza, ta zaɓi yadda ake samun ciki. Muna cin burodi da cukwi da safe ta ce tana so ta ba da labarin kanta, tunda mun daɗe da gaya mata gaskiya. Oddvar ya ajiye kofinsa, ya ce ta faɗi na littafi kawai, garin nan ƙarami ne. Ta dube shi, ta ce to. Wallahi na so in kwaɗa masa cokali.

Ranar muka jeru a bayan aji kan kujerun yara, gwiwoyinmu a ƙirji. Rabin mazan da ke wurin tare suke fita teku da Oddvar.

Tuva ta fito ba ko ɗar. Ta ce kowane wata jikin mace yana sakin ƙwai guda, ƙanƙani kamar ɗigon biro, ya biyo wani siririn bututu zuwa mahaifa. In mace da namiji suka sadu, ƙwayoyin maniyyi miliyoyi ne ke iyo su nufe shi, amma ɗaya ce tak ke shiga. Daga nan ƙwan ya yi ta rabuwa, biyu, huɗu, takwas, har ya manne a bangon mahaifa ya girma wata tara. In bai gamu da kowa ba, shimfiɗar da mahaifa ta yi masa sai ta zube, jinin al'ada ke nan. Yara maza na ta ƙunshe dariya, ta ce musu su yi ta dariya, su ma ta nan suka biyo. Ni kam kaina ya kumbura.

Sai ta zo kan waɗanda cikin ba ya samuwa da kansa. Ta ce likita kan ɗauki ƙwaya ɗaya da allura ya sa ta cikin ƙwan, sannan a mayar wa uwa. Nan wani yaro, Eilif, ɗan mai jirgin da Oddvar ke aiki a ciki, ya ɗaga hannu yana murmushin mugunta. Wai wane irin namiji ne sai an yi masa da allura? Wasu daga cikin iyaye maza suka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Tuva ta buɗe baki ta rufe. Ta san amsar sarai, alkawari ne ya riƙe ta. Fuskarta ta yi ja, idonta ya ciko, kuma ba ta ko kalli inda muke ba, don kada wani ya gane.

Kujerar da ke gefena ta yi ƙara. Oddvar ne ya miƙe, hularsa a hannu.

"Irina ne, Eilif," ya ce. "Nawa ne ba su iya iyo ba. Ɗan masunta guda, ka ji abin kunya. Likita ya duba ya zaɓo guda ɗaya, ga ta can tsaye tana koya maka karatu."

Can uban Eilif ya ɗan mangari ƙeyar ɗansa, wani ya fara tafi, Gudrun ta bi. Ni ban tafa ba, shi kawai nake kallo. Ban taɓa alfahari da mutumin nan kamar ranar ba, ko ranar aurenmu.

Tuva ta share ido da bakin rigarta, ta gyara tsayuwa.

"Baba, zauna," ta ce. "Ban zo kan cibiya ba tukuna."

Ya zauna.