Inda Maganin Ya Fi Araha

Ƙirjinta ne ya raba Malama da koyarwa. Da farko ta ɗauka ƙurar alli ce, sai ranar da numfashi ya sarƙe mata a gaban ɗalibai aka kwashe ta zuwa asibiti. Likita ya ce huhunta ya yi rauni, ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba. Akwai wani magani da ake zubawa a na'ura ta mai da shi tururi, mara lafiya ya shaƙa ta wata roba mai rufe hanci da baki. A asibiti kawai ake ba da shi, nas na tsaye, kuma duk mako sai an yi.

Maganin ya karɓe ta, kuɗinsa ne ya gagara. Asibiti ɗaya ke da shi a garinsu, daga nesa ake kawo shi cikin akwatin ƙanƙara, kowane zuwa sai ya lashe abin da mijinta kafinta ya samu a makon. Ya sayar da katakon da ya daɗe yana ajiya, ya bi da babur. Bai gaya mata ba, gani ta yi ya fara dawowa da ƙafa.

Ana haka ƙanwarta, wadda ke aure a wani babban gari na bakin teku, ta kira.

"Yaya, na tambaya a asibitin unguwarmu. Maganin nan dai, kwalba iri ɗaya, ko rabin kuɗinku bai kai ba."

"To ko jabu ne?"

"Wane jabu? Nan ake sauke shi daga jirgi, ga asibitoci birjik. Ku kuɗin hanya kuke shaƙa. Ki taho, ga ɗakin baƙi babu kowa."

Malama ta ce ba inda za ta. Mijin ne ya sauko mata da akwati daga kan kwaba, ya goge shi da hannun rigarsa.

"Baban yara, korata kake?"

"Numfashi nake so ki yi," in ji shi.

Ɗakin baƙin fes yake, da fanka, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Ƙanwar ba ta barinta ta ɗauki ko tsintsiya. Malama kan farka da asuba ta kasa kunne ko za ta ji ƙarar zarto daga shagon da ke jikin gidanta, sai ta ji hon ɗin motoci. Ta yi kewar tukunyarta mai karyayyen hannu, da ƙofar kicin ɗin da ta shekara tana mita a gyara, gidan kafinta guda. Har maƙwabciyar da ke aron turmi ba ta mayarwa ta yi kewa.

A asibitin kujeru ne a jere jikin bango, kowace da na'urarta tana gurnani. Wata rana an ɗaura mata robar ke nan wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ba halin magana. Nas ta sunkuya ta ce, "Baba, tana shaƙar magani, ji kawai za ta iya."

Mijinta ne. Duk zamansu ita ce mai magana, shi nasa "to" da "haka ne". Sai ya yi gyaran murya ya fara. Ya ce ya ƙona shinkafa har maƙwabta sun leƙo. Ya ce bishiyar lemon tsakar gida ta yi fure. Ya ce an kawo masa aikin gadon amarya, uwar yarinyar ta sauya fenti har ya gaji. Malama ta yi dariya cikin robar, tururi ya fita ta gefe, nas ta harare ta.

Daga ranar, duk mako ya san lokacin da zai kira. Takan rufe ido tana shaƙa, tana bin muryarsa daga ɗaki zuwa ɗaki na gidanta.

Ta taɓa roƙon likita ya sayar mata da kwalaben ta tafi da su gida. Ya ce ba a fitar da shi, kuma asibitinsu na can ba zai karɓi na waje ba. Mijin ma ya koma ya tambaya ko an rage. An ƙara ne.

Da damina ta ja, sai ga shi ba sanarwa, da buhun lemo a kafaɗa. Ya rame, ya kuma rasa maɓalli guda a wuyan riga. Ta karɓi rigar ta ɗinke kafin ma ya gama gaisawa da mijin ƙanwar. Washegari da yamma suka fita zagaya unguwa a hankali, tana tsayawa tana hutawa. Ya ja birki gaban wani shago da aka rubuta na haya ne, ya leƙa ta ramin ƙofa, ya ƙwanƙwasa bango.

"Zai ɗauki benci da injin yanka," ya ce. "Mutanen nan ma ai suna zama a kujera."

"Ka bar shagon mahaifinka? Da tsufanka za ka fara neman masu ba ka aiki?"

"Gidan ya yi mini girma, Malama."

Ta kau da kai, ta daɗe tana kallon titi. "In ka taho, ina zan koma? Ni fa ba kai kaɗai nake kewa ba, kada kanka ya kumbura."

Ya yi murmushi.

Kwana biyu ya yi, aiki na jiransa. Ta dage sai ta raka shi tasha, duk da hayaƙin da likita ya hana ta. Ya samu kujerar taga. Ta tsaya a ƙasa, mayafi a hanci, tana karanta sunan garinsu a allon da aka ɗora kan motar. Yaron mota ya ga tana kallo ya ce, "Mama, saura mutum ɗaya."

"Ba yau ba," ta ce, ta ja da baya don mota ta samu hanya.