Majiyyata Arba'in da Uku a Shagon Tela

Jar allura ta arba'in da uku ta ƙi samun wurin sokawa a jikin taswira. Mai Taswira, kamar yadda ake kiran jami'ar ƙididdigar ƙaramin asibitin, ta ja da baya ta kalli taswirar da ke bango. Kowace allura yaro ne da aka kawo da gudawa a watan nan, kuma duk sun cunkushe a bakin kwari. Hayin kwarin kuwa fari fat.

Likita ya leƙo da kofin shayi. Mota ɗaya tal suka samu mai kai magani unguwanni, yau kuma zai yanke inda za ta riƙa zuwa.

"Magana ta ƙare, bakin kwari," ya ce. "Mutanen hayi ko atishawa ba sa yi."

Abin bai kwanta mata ba. Goggonta a hayi take, kullum cikin mitar ruwan rijiyarsu.

"Ranka ya daɗe, ba ni awa ɗaya."

Da ta isa inda alluran suka nuna, ba unguwa ta tarar ba. Shagon tela ne, keke ɗaya da benci.

"Sannu da aiki, Baba. Wai yara arba'in da uku ke gudawa a nan?"

"A nan? 'Yata, ni da ko kyanwa ban ajiye ba!"

Ashe matan hayi in sun tsallako, a bencinsa suke hutawa. Layukansu ba suna, gidajensu ba lamba. In mai yankan kati ya tambayi adireshi, sai su ce "wajen tela", shi kuma bawan Allah ya rubuta abin da ya ji.

Ta koma ofis ta kira goggo a waya. Tana karanto sunaye daga rajista, goggo na faɗin gidan kowa, har da tarihin da ba a tambaye ta ba. Allura bayan allura suka tsallaka kwari, suka kewaye rijiyar.

Sai ta karanto suna na ƙarshe.

"Wannan namu ne," in ji goggo. "Autan yayanki. Na ce kada a gaya miki."

Ta soka allurar a hankali.

Likita, da ke tsaye a bayanta tun ɗazu, ya ajiye kofinsa ya ƙwala wa direba kira.

"Ta ina ake zagayawa zuwa hayi?"