Ajiyar Inna Kulu

Ni da yayana Shafi'u shago ɗaya gare mu a Tambuwal, kusa da tasha, muna ɗaukar bidiyon biki da suna. Shi yana tsayawa wajen maza, ni nake shiga cikin gida, domin tsakanin nan da Kebbe akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure da kyamara ko sama da ƙasa za su haɗu. Muna zaman lafiya har ranar da ya je Kano ya dawo da kwamfutar Mac ta hannu. Tun daga ranar kunnena bai huta ba.

"Saudatu, wagga tsohuwar Windows taki ta gaji," in ji shi kullum. "Zo ki ga launi. Zo ki ga yadda nika jan hoto babu gardama."

Ba zan ci haƙƙinsa ba, manhajar da yake tace bidiyo da ita tana da sauri. Kafin ka gama dama fura ta fitar da biki guda, fuskar kowa fes. Tawa kyauta na sauke ta, kuma in aiki ya yi nauyi sai ta toge kamar jakin da aka yi wa lodi, fankar kwamfuta tana ta kuka. Sai dai tasa a Mac kaɗai take aiki, tawa a Windows kaɗai. Duk inda na yanke da inda na haɗa, in an kai wa tasa ba ta san da zancen ba. Na sha gaya masa akwai wata manhaja mai aiki a Windows da Mac har da Linux, mu koma mata mu biyu, yadda kowa zai iya buɗe aikin ɗan'uwansa. Ya ce tana cinye wuri, maɓallanta sun yi yawa, shi ba zai koma makaranta da gemu ba. Na bar shi, ai babba ne.

Ana haka aka kira mu biki a Fakku. Amaryar sunanta Raliya, ɗiyar fari ce ga wata dattijuwa, Inna Kulu. Inna Kulu irin matan da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da ta haifi Raliya bakinta bai taɓa furta sunan ba, sai dai ta ce "waccan" ko "yarinyar nan". Duk yinin bikin tana bayan gida wajen tukwane, ka ce bikin maƙwabta ake yi.

Bayan la'asar motoci suka tafi da amarya Kebbe. Ina naɗe wayoyina sai Inna Kulu ta kamo gefen mayafina ta ja ni ɗakin da Raliya ta bari, ta saki labule.

"Kunna abin naki, ɗiyata."

Na kunna. Ta zauna bakin gado, ta daɗe tana kallon kyamarar, sannan ta kira sunan. Ta sake kiransa. Daga nan ta yi magana mai tsawo tana hawaye, maganar da ba zan maimaita a nan ba. Da ta gama ta share fuska da haɓar zane.

"Wanga ba na biki ba na. Ki aje mata. Ran da anka ce babu ni, ki ba ta."

Na ce, "Na karɓi amana, Inna."

Da na dawo Tambuwal, abin da na fara yi shi ne cire wannan gutsuren daga aikin, na bar shi a memorin kyamara. Ban gaya wa kowa ba, har Yaya. Na tace bikin tsaf, saura fitarwa kawai, sai aka ɗauke wuta, batirin tsohuwar kwamfutata ya mutu. Ga dangin ango suna ta kira daga Kebbe, ni kuma ga suna yana jirana a Sanyinna.

"Yaya, ka jira wuta," na ce masa. "In ta zo ka buɗe tawa ka danna fitarwa. Kar ka taɓa komai."

Ya ce to. Wannan "to" ɗin nasa har yau in na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ina juya baya ya zare memorin ya cusa a Mac ɗinsa. Aikina ya ƙi buɗewa a can, kamar yadda ya riga ya sani. Maimakon ya kira ni, sai ya kwashe ɗanyen abin da na ɗauko gaba ɗaya ya shiga tacewa da kansa, don ya nuna mini tasa ba ta jiran kowa. A ciki ya ci karo da Inna Kulu. Mutumin da aka haifa a ƙasar nan, ɗan farin da tamu uwar ba ta taɓa kiran sunansa ba, ya ga tsohuwa a ɗaki ita kaɗai tana kiran ɗiyarta ta fari, abin da ya gani kawai shi ne hoto mai kyau. Ya ɗauko shi ya sa a farkon bidiyon, ya haska fuskarta, ya shimfiɗa kiɗa mai taushi a ƙasa. Ya hau babur ya kai Kebbe da kansa, aka kunna a falo cikin dangin ango, daga nan ya bazu a wayoyin mutane.

A Sanyinna na ji. Wata mata ce ta miƙo mini waya tana ƙyalƙyala dariya, wai ko na ga tsohuwar Fakku mai kiran sunan ɗiyar fari. Ban san yadda na ƙarasa aikin sunan ba.

Na same shi a shago yana goge allon kwamfutarsa.

"Yaya, mi ka aikata?"

"Aiki na yi. Mutanen Kebbe sun ce ba su taɓa ganin irinai ba. Har kuka anka yi."

"Wa ya ce ka sa Inna Kulu?"

"Ke ba ki faɗa mani ba."

"Sai an faɗa maka? Kai ba ɗan fari na ba? In Innarmu ta, ka sa mata kiɗa ka kai falo?"

Sai ya ce ai da ina amfani da manhaja ta kirki da duk haka ba ta faru ba. Wallahi ba don ya girme ni ba da na rotsa masa Mac ɗin a ka. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba, har masu shagon gefe suka leƙo.

Washegari na tafi Fakku. Tun daga ƙofar gida na ji wasu 'yan mata a bayan danga suna kwaikwayon muryarta, suna jan sunan Raliya suna dariya. An ce tun da abin ya fita ba ta leƙa ko rijiya ba. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ta ɗaga mini hannu. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi da na ji sanyi.

"Kin zo da shi?"

Na fito da memorin da kwamfutata.

"Goge shi. Nan gabana."

"Inna, ai yana wayoyin mutane."

"Wancan na mutane na, su ci. Wanda na ba ki nika nufi."

Na goge tana kallo. Ta tashi ta shige ɗaki.

Bayan wasu makonni, ranar kasuwa, wata mata ta yi sallama a shagonmu, ta ɗage niƙabi. Raliya ce. Ta zauna kusa da ni ta yi ƙasa da murya. Ta ce ranar da aka kunna bidiyon tana zaune tsakiyar dangin miji. Da ta ji muryar Inna ta kira sunanta, sai ta toshe kunnuwa ta fice. Tun daga nan duk wanda ya miƙo mata waya sai ta kau da kai.

"Kebbe duka sun san abin da tac ce mani, ban da ni," ta ce. "An faɗa mani ajiya ta ba ki. Ba ni son gani yanzu, Anti, ni jira lokacin da ta sa. So nikai kawai in ji kina aje da shi."

Na gaya mata Inna ta sa na goge.

Daga bayan shago Yaya ya leƙo da fara'arsa.

"Ai akwai shi cikin tawa, amarya. Ya ma fi na Saudatu fitowa."

Raliya ba ta ko dube shi ba. Ta saki niƙabinta, ta tashi.

"To, Anti," ta ce. "Ke nan ni ba ni da komai."