Sunan Haris a Kan Garwashi

Shekara goma sha ɗaya ina sayar wa Sista Damaris turaren wuta, ban taɓa tambayarta abin da take yi da shi ba. Tsohuwa ce, ba miji ba baƙi, amma kwalbar da amarya za ta yi wata uku tana tattali, ita sati biyu ta ga bayanta. Ni kuwa mai sana'a ce. Wanda ya saya, ko miya zai kaɗa da shi ba ruwana.

Mutuniyar Biu ce, Kirista, aikin karɓar haihuwa ya kawo ta Hadejia tun ina budurwa. Rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo. Da ta yi ritaya ta ƙi komawa garinsu, sai maigidana, Allah ya ji ƙansa, ya ba ta ɗakin da ke jikin katangarmu ta baya. In an kawo mini kifi daga Guri, da ita ake ci. In ƙafata ta kumbura, ita ce likita. Ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba.

Wata Talata na gama haɗi, na soya farcen turare, na daka kajiji, na juye itacen sandal cikin narkakken sukari, sai na tuna gwiwa ta hana ta fitowa kwana biyu. Na ce bari in miƙa mata kwalbarta da kaina. Da sassafe ne, na tarar da ƙofa a buɗe, labule a sake, hayaƙi na fitowa ta ƙasansa. Na buɗe baki zan yi sallama ke nan, sai na ji muryarta.

Na leƙa. Tana durƙushe a gaban wani ɗan teburi, da gwiwar tata mai ciwo, ga kasko da garwashi ja wur. Ta ɗebi turarena da yatsa uku, ta barbaɗa, hayaƙi ya tashi, ta ce, "Haris ɗan Zaituna."

Kwalbar ta kusa suɓucewa. Zaituna ni ce, Haris kuwa autana ne, kuma shekara huɗu rabon da a ambaci sunan nan a gidana.

Shekarar babbar ambaliya ce. Na hana shi fita da kwalekwalen ubansa, ya ƙi ji, ya ɗauki yayarsa Radiyya za su kwaso abin da ya rage na shinkafarmu wajen Auyo. A hanyar dawowa ruwa ya juya su cikin ciyawar kachala. Shi ya fita, ita sai bayan kwana biyu masunta suka samo ta. Ranar sadakar uku, a gaban mata cike da tsakar gida, na ce masa kada in ƙara ganinsa, kuma sunansa ba zai ƙara fita daga bakina ba. Ya ɗauki rigarsa ɗaya ya fice. Wasu sun ce sun gan shi yana su a Yawuri, wasu sun ce Legas. Ni ban tambaya ba.

To, duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ake nufi da kiran sunan mutum a kan garwashi. Ba sai an tara malamai ba. Kurciya ce, asirin da ake yi wa mutum ya bar gida ya shiga duniya, ya kasa waiwaye. Kuma da turarena! Da hannuna nake haɗa mata makamin, ina ƙara mata gyara. Na juya na koma gida. Abin kunya, can ƙasan tsoron akwai wani ɗan sanyi da na ji. Ashe ba ni na kori yaron ba, korarsa aka yi.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi wurin Abdulganiyyu, ƙanen maigidana, wanda gidan ke hannunsa.

"Yaya, kin tabbata?" ya ce. "Sista fa?"

"Da kunnena na ji. Ko kurma ka mayar da ni?"

Ya yi salati ya fi a ƙirga. Ya ce kada in gaya wa kowa, magana irin wannan in ta fita unguwa ba a san inda za ta tsaya ba. Zai ba ta kwana uku ta tashi, ya ce mata ana buƙatar ɗakin. Da ma ya daɗe yana neman inda zai zuba buhunan shinkafarsa, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Sau biyu Sista ta dogaro sanda ta zo ƙofata tana sallama. Ina ciki ina jin ta, na yi kamar na mutu.

Ranar Juma'a da hantsi ɗan ƙanenta ya iso da motar a-kori-kura, aka fara loda kaya. Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce ba za ta tafi da abin da ta binne ba. Na faɗa ɗakin ba sallama. Ba komai sai tabarma, da teburin nan, da kasko.

"Ki tone abin da kika binne wa ɗana kafin ki fita," na ce.

Ta kalle ni. "Ashe ke ce," ta ce. "Na ce Abdulganiyyu bai iya haɗa ido da ni ba. Zauna, Zaituna."

"Ba zama ya kawo ni ba. Na ji ki ranar Talata."

"Da kin ƙara tsayawa kaɗan, da kin ji naki sunan. Bayansa yake zuwa."

Na ja da baya har na bugi bango.

"Ba abin da na binne," ta ce. "Addu'a nake yi. Ki saurare ni sau ɗaya, ko don kifin da muka ci tare." Ta dafa teburin ta zauna a tabarma da ƙyar. "A Littafinmu Mai Tsarki, zamanin Annabi Musa, akwai alfarwar da ake sujada a cikinta. Can ciki, dab da labulen wuri mafi tsarki, akwai wani ɗan bagadi, bai fi teburin nan da yawa ba. Ba a yanka a kansa, turare kawai ake ƙonawa, safe da yamma, ba fashi. Har farcen nan da kike soyawa yana cikin haɗinsu. Mutum ɗaya ke shiga, sauran jama'a suna tsaye a waje. To hayaƙin nan da ke tashi, an koya mana misalin addu'a ne. Wanda ya samu shiga, ba don kansa kaɗai ya shiga ba, yana ɗauke da waɗanda suka kasa shigowa."

"To ina ruwan ɗana da alfarwarku?"

"Alfarwa ta wuce, bagadin ma babu shi. Zuciyar mutum ce yanzu. Turaren naki ba ya aikata komai, ko a cocinmu ba a ƙona shi, da fasto ya sani da na sha faɗa. Ni ce dai tsufa ya sa nake mantuwa. In na ga hayaƙi na tashi, sai hankalina ya tsaya wuri ɗaya, in kira sunayen waɗanda na karɓa a hannuna, in roƙa musu Allah. Kuma ke kika fi ni sani, turare ba ya ƙamshi sai an daka shi, an ɗora a wuta. Addu'ar da ta fito daga wurin ciwo haka take."

Na ce, "Wa ya sa ki?"

"Ke. Ina tsakar gidan ranar sadakar uku, na ji abin da kika ce. Na ce zafi ne, zai huce. Na yi ta sauraro. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma ke ba kya addu'a a hankali. Bayan kowace sallah ina jin ki, kina roƙa wa maigidanki, da Radiyya, da jikoki, har awakinki. Wata shida ban ji sunansa ba. Na ce yaron nan da na yanke wa cibi yana wani wuri a duniya, ba bakin da ke ambatonsa gaban Allah. Sai na ɗauka, in riƙe miki kafin ki karɓa."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Da ɗan fari ne da na ce kunya ce ta hana ni kiran sunansa. Auta ne. Sau biyar a rana nake ɗaga hannu, shekara huɗu, ina tsallake shi kamar ana tsallake kwata. Wannan matar kuwa, da gwiwarta mai ciwo, safe da yamma. Ita na kora.

Na tashi a guje na nemi Abdulganiyyu, na ce a sauke kayan. Ya ce, "Yaya, sai ita ta yarda." Na dawo na riƙe mata zane ina kuka kamar ƙaramar yarinya.

"Na yafe miki," ta ce. "Amma ba zan ɓoye ba, ya yi mini ciwo. Shekara goma sha ɗaya, ko tambaya ba ki yi ba. 'Ya'yan ƙanena sun daɗe suna kirana, bari in je in mutu a gabansu." Ta ɗauki kaskon ta juye tokar a bakin ƙofa, ta sa cikin jakarta. "Ba zan daina ba, ko a Biu. Amma ni ba uwarsa ba ce, Zaituna."

Motar ta tashi kafin a kira sallar Juma'a. Na tsaya har ta sha kwana wajen masu gyaran babur.

Da la'asar na idar da sallah, na ɗaga hannu. Na yi wa maigida, na yi wa Radiyya. Na zo wurin da na saba tsallakewa, harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na kasa kunne wajen katanga, ba motsi, sai ƙarar buhunan Abdulganiyyu da ake jibgewa. Yanzu duk Hadejia ba mai faɗa in ban faɗa ba.

"Ya Allah," na ce, "Haris."